Daga Husufin Wata zuwa Nazariyyar Darwin: Tarihin Wata Ƙa'ida ta Malaman Kalam kan Imani da Kimiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun wata ƙa'ida da Imam al-Ghazali ya shimfiɗa a Bagadaza a shekarar 488H (1095M) game da husufin rana da wata, har zuwa lokacin da Shaikh Husain al-Jisr na Ɗarabulus ya yi aiki da ita a 1888 wajen fuskantar nazariyyar Darwin. Ƙa'idar ta wajabta rarrabewa tsakanin abin da bincike ya tabbatar da kuma aƙidar da masu binciken ke liƙa masa. Tarihin ya nuna cewa a duk inda aka kiyaye wannan rarrabewa, imani da Mahalicci da nazarin halitta sun zauna lafiya, kuma yawancin rigingimun da aka sha sun taso ne daga sakaci da ita.

Gabatarwa

A watan Yulin 1882, a bikin yaye ɗalibai na Kwalejin Furotesta ta Siriya da ke Bairut, wadda 'yan mishan na Amurka suka kafa a 1866, wani malamin kimiyya mai suna Edwin Lewis ya gabatar da jawabi da harshen Larabci. A cikin jawabin ya ambaci Charles Darwin, wanda ya rasu a watan Afrilun wannan shekara, a matsayin misalin mutumin da ya yi haƙurin bincike. Lewis Kirista ne mai imani, kuma bai yi inkarin Mahalicci ba. Amma da mujallar al-Muƙtaɗaf ta buga jawabin, hukumomin mishan suka harzuƙa, aka tilasta masa ajiye aiki. Wasu manyan malaman sashen likitanci, cikinsu har da Cornelius Van Dyck, suka bi shi suka ajiye nasu. Ɗalibai suka ƙaurace wa karatu aka dakatar da su, kuma daga cikinsu akwai Jurji Zaidan, wanda daga baya ya shahara a fagen tarihi da adabi.

Abin lura shi ne, rigimar farko mai zafi da aka yi kan Darwin a ƙasashen Larabawa ta auku ne a tsakanin Kiristoci, a cikin makarantarsu. Shekara shida bayan haka, wani malami Musulmi da ya yi karatu a al-Azhar ya rubuta littafi yana cewa ko da nazariyyar ta tabbata, ba za ta taɓa imani da Mahalicci ba. Wannan malami bai ƙago matsayinsa daga sama ba, gado ne ya tarar a littattafan tauhidi da ya karanta tun yana ɗalibi. Kafin a fahimci abin da ya faɗa, dole ne a koma baya da kusan shekara ɗari takwas.

Al-Ghazali da Mas'alar Husufi

Abu Hamid al-Ghazali (450–505H / 1058–1111M) ya kama koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 484H. A farkon 488H ya kammala *Tahafut al-Falasifa*, inda ya yi raddi ga al-Farabi da Ibn Sina a mas'aloli ashirin. Ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah ba Ya sanin abubuwa ɗaiɗai da ɗaiɗai, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Sauran kuwa ya ɗauke su a matsayin bidi'a ko raunin hujja. Wannan littafi ne wasu marubutan baya suka ɗora wa alhakin durƙushewar kimiyya a ƙasashen Musulmi. Sai dai wanda ya karanta muƙaddimominsa zai tarar da abin da bai yi kama da wannan zargi ba.

A muƙaddima ta biyu, al-Ghazali ya kasa saɓanin da ke tsakanin masu falsafa da waɗansunsu kashi uku. Na farko saɓani ne na lafazi kawai, wanda bai cancanci a ɓata masa lokaci ba. Na uku shi ne wanda ya shafi tushen addini, kamar faruwar duniya da siffofin Allah, kuma shi ne abin da littafin ya zo ya yaƙa. Na biyu kuwa shi ne abin da ba ya karo da wani tushe na addini, kuma misalin da ya kawo shi ne husufi. Masana falaki sun ce wata yana samun haskensa ne daga rana, ƙasa kuma dunƙulalliya ce, don haka idan ta shiga tsakaninsu inuwarta ta faɗa kan wata sai ya yi duhu. Haka nan husufin rana yana faruwa ne idan wata ya gitta tsakanin mai kallo da rana. Al-Ghazali ya ce ba zai yi jayayya da wannan ba, kuma wanda ya ɗauki jayayya da shi a matsayin hidimar addini, to laifi ya yi wa addinin.

Dalilinsa shi ne, waɗannan al'amura sun tsayu a kan hujjojin lissafi da handasa, har mai saninsu yakan faɗi lokacin da husufi zai auku da girmansa da tsawon zamansa kafin ya auku. Idan aka ce wa irin wannan mutum shari'a ta saɓa wa abin da ya sani, ba zai yi shakka a kan lissafinsa ba, shari'ar zai yi wa shakka. Daga nan ya yanke cewa ɓarnar da mai kare addini ta gurguwar hanya ke yi ta fi ta mai sukarsa. Ya kuma tsaya a kan hadisin da Annabi (SAW) ya faɗa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, wanda ke nuna cewa rana da wata ayoyi ne na Allah da ba sa yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya ce babu abin da ke cikin hadisin da ke musun lissafin tafiyarsu, domin umarnin salla a lokacin husufi daidai yake da umarninta a lokacin zawali da faɗuwar rana, waɗanda kowa ya san sababinsu.

A ƙarshen rayuwarsa, cikin *al-Munƙiz min al-Dalal*, ya sake komawa kan batun, ya ambaci illoli biyu da ke tattare da ilimin lissafi. Ta farko ita ce ɗalibi ya ga ƙarfin hujjojin masu falsafa a lissafi, sai ya zaci duk maganarsu haka take, ya bi su har a fagen ilahiyyat inda ba su da irin wannan hujja. Ta biyu ita ce jahilin masoyin Musulunci ya ga cewa taimakon addini shi ne musun duk wani ilimi da aka jingina musu. Illolin biyu tushensu ɗaya ne, wato kasa raba abin da aka tabbatar da abin da aka yi da'awa kawai.

Wuta da Auduga: Muhawarar Sababi

Inda muhawara ta fi zurfi shi ne mas'ala ta goma sha bakwai ta *Tahafut*. Masu falsafa sun ce alaƙar sababi da musabbabi tilas ce, wuta in ta haɗu da auduga ba makawa ta ƙona ta saboda ɗabi'arta. Al-Ghazali ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta auku a lokacin haɗuwar, amma bai ga cewa wutar ce mai aikatawa da kanta ba. Allah ne Yake halittar ƙunar bisa wata al'ada da Ya gudanar, kuma Yana da ikon keta ta, kamar yadda ya faru da Annabi Ibrahim (AS). Da aka kawo masa tuhumar cewa wannan zai sa mutum ya bar littafi a gida ya ji tsoron kada ya dawo ya tarar ya rikiɗe ya zama dabba, sai ya amsa da cewa Allah Ya halitta wa bayi sanin cewa irin wannan ba zai auku ba, kuma ɗorewar al'ada sau bayan sau ta kafa wannan sani a zukata.

Ibn Rushd na Ƙurɗuba (520–595H / 1126–1198M), alƙali Bamalike kuma likita, bai gamsu ba. A *Tahafut al-Tahafut* ya ce hankali ba kome ba ne face riskar abubuwa ta hanyar sabubbansu, don haka wanda ya kawar da sabubba ya kawar da ilimi. Ya ƙara da cewa hakan na raunana hujjar samuwar Allah kanta, domin hikimar Mai sana'a ana gane ta ne daga tsarin abin da Ya ƙera. A *al-Kashf an Manahij al-Adilla* ya ce hanyoyin da Alƙur'ani ya bi wajen tabbatar da Mahalicci biyu ne, dalilin kulawa, wato dacewar halittu da rayuwar ɗan Adam, da dalilin ƙagowa. A *Fasl al-Maƙal* kuma ya yi hukunci da cewa nazarin halittu wajibi ne a shari'a ga wanda ya cancanta, tunda gaskiya ba ta karo da gaskiya.

Saɓanin malaman biyu na gaske ne, amma yana da iyaka. Babu ɗayansu da ya musa cewa auduga na ƙonewa in ta haɗu da wuta, ko ya hana likita dogaro da abin da ya jarraba. Babu kuma wanda ya yi shakkar Mahalicci. Sun saɓa ne a kan fassarar tsarin da kowa ke gani, ko ƙarfi ne da Allah Ya ajiye a cikin abubuwa, ko kuwa aikinSa ne kai tsaye da Yake maimaitawa. Wannan tambaya ce da awo da gwaji ba za su warware ba, domin sakamakon gwajin ɗaya ne a bisa kowace fassara.

Ra'ayin al'ada ya zama karatun yau da kullum a makarantun Ash'ariyya. Imam Muhammad bin Yusuf al-Sanusi na Tilimsan (ya rasu 895H / 1490M), wanda ƙaramin littafinsa *Umm al-Barahin* ya daɗe ana karantar da shi a zaurukan ƙasar Hausa da Borno, ya gina koyarwarsa a kan raba hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Hukuncin al'ada shi ne wanda ake samu ta hanyar maimaituwa, kamar ƙoshi bayan cin abinci. Abin da a yau ake kira kimiyyar gwaji a ƙarƙashin wannan kashi yake, kuma duk almajirin da ya haddace wannan rabe-rabe ya riga ya san cewa samuwar Allah ba a wannan ma'auni ake auna ta ba.

Tawili da Iyakarsa

Me za a yi idan zahirin nassi ya yi karo da hujjar hankali yankakkiya? Fakhruddin al-Razi (ya rasu 606H / 1210M) ya tsara amsar mutakallimai a matsayin doka gama-gari. A wurinsa ba a iya ƙaryata hankali don a gaskata nassi, tunda da hankali aka san gaskiyar Manzo tun farko, saboda haka ko dai a yi wa nassin tawili ko a fawwala ma'anarsa ga Allah. Ibn Taimiyya (ya rasu 728H / 1328M) ya rubuta babban littafinsa *Dar' Ta'arud al-Aƙl wa al-Naƙl* don rushe wannan doka. A ganinsa ingantaccen nassi da tsantsar hankali ba sa taɓa karo, kuma duk inda aka ga kamar sun yi, to ɗayansu zato ne. Wanda yake yankakke shi ake gabatarwa saboda yankewarsa, na hankali ne ko na naƙali. Ya kuma saɓa wa Ash'ariyya a kan sabubba, ya tabbatar da cewa Allah Ya sanya ƙarfi da ɗabi'u a cikin halittu.

Duk da wannan tazara, a kan husufi Ibn Taimiyya ya tsaya inda al-Ghazali ya tsaya. Ya bayyana a fatawoyinsa cewa husufi yana da lokuta ƙaddararru da ake sani ta lissafi, kuma faɗin lokacinsa ba da'awar sanin gaibu ba ce. Kafin su duka, Ibn Hazm na Andalus (ya rasu 456H / 1064M) ya tabbatar da dunƙulewar ƙasa a *al-Fisal*, ya kafa hujja da nassi. Ashe mazhabobin da suka sha bamban a kalam sun haɗu a kan cewa abin da ya tabbata yaƙinan game da halitta ba a musunsa da sunan addini.

Tarihin aiki ya gaskata wannan. Ibn al-Nafis (ya rasu 687H / 1288M), wanda ya bayyana cewa jini na bi ta huhu daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu, saɓanin abin da Jalinus da Ibn Sina suka faɗa, faƙihi ne Bashafi'e a Alƙahira. Ibn al-Shaɗir (ya rasu 1375M) shi ne mai kula da lokutan salla a Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, kuma shi ya ƙera wa masallacin agogon inuwa na marmara a 773H. A littafinsa *Nihayat al-Sul* ya gyara tsarin falakin Baɗlimus, kuma a 1957 masu bincike suka gano cewa lissafinsa na tafiyar wata daidai yake da wanda Copernicus ya buga a 1543. Waɗannan ayyuka sun zo ne kimanin ƙarni ɗaya da rabi zuwa kusan uku bayan *Tahafut*.

Ba a ce tafiyar ba ta da tuntuɓe ba. Gidan duban taurari da Taƙiyyuddin ya gina wa Sarki Murad na Uku a Istambul a 1577 an rushe shi a 1580, kuma adawar Shaikhul Islam na lokacin tana cikin dalilan rushewar. Amma al'amarin ya cuɗanya da siyasar fada da kuma duba, domin an nemi Taƙiyyuddin ya fassara tauraruwa mai wutsiya da ta fito a 1577 ya yi wa sarki bushara. Garwaya lissafin falaki da bokancin taurari shi ma wani nau'i ne na rashin rarrabewar da al-Ghazali ya yi gargaɗi a kai.

Zuwan Darwin Ƙasashen Larabawa

Littafin Darwin kan asalin jinsunan halittu ya fito a Ingila a 1859, amma ba a fara fassara shi zuwa Larabci ba sai 1918, lokacin da Isma'il Mazhar ya buga babobinsa na farko a Masar. Kafin nan masu karatun Larabci sun san nazariyyar ne ta bakin wasu. Mujallar al-Muƙtaɗaf, wadda Ya'aƙub Sarruf da Faris Nimr suka kafa a Bairut a 1876, ta riƙa kawo bayaninta. A 1884 kuma likita Shibli Shumayyil ya fassara sharhin da Bajamushe Ludwig Büchner ya yi wa nazariyyar. Büchner ɗan maddiyya ne da ke ganin babu kome a samuwa sai madda da ƙarfinta. Don haka Darwin ya shigo Larabci sanye da rigar da ba shi ya ɗinka ba, kuma mutane da yawa suka ɗauki nazariyyar da ilhadi abu guda.

A wannan yanayi Jamaluddin al-Afghani ya rubuta raddinsa ga Dahriyya da Farisanci a Haidarabad ta Indiya a 1881, Muhammad Abduh ya mayar da shi Larabci aka buga a Bairut bayan 'yan shekaru. Al-Afghani ya saka Darwin a jerin masu musun Mahalicci tun daga Girkawan farko, ya yi masa ba'a da cewa bisa ra'ayinsa ƙuma na iya zama giwa in zamani ya tsawaita. Raddin ya yi ƙarfi wajen nuna illar maddiyya ga ɗabi'un al'umma, amma ya nuna mai shi bai san nazariyyar daga tushenta ba.

Ta ɗaya gefen kuma, a ranar 29 ga Maris 1883, Ernest Renan ya gabatar da lacca a jami'ar Sorbonne ta Paris yana cewa Musulunci a ɗabi'arsa maƙiyin kimiyya ne. Al-Afghani ya mayar masa da martani a wata jaridar Faransa a watan Mayun shekarar. Littafin John William Draper na 1874, wanda ya zana tarihi a matsayin yaƙi tsakanin addini da kimiyya, shi ma ya yaɗu har Ahmad Midhat ya fassara shi zuwa Turkanci tare da ta'aliƙi. Matashin Musulmi mai karatun zamani ya samu kansa tsakanin masu ce masa kimiyya ta kori addini da masu ce masa addini ya haramta kimiyya.

Husain al-Jisr da al-Risala al-Hamidiyya

An haifi Husain al-Jisr a Ɗarabulus ta Sham, wadda ke Labanan a yau, a 1845, ya rasu a 1909. Bayan karatunsa a al-Azhar ya kafa makaranta a garinsu a 1879, inda aka haɗa ilimin addini da lissafi da kimiyya da harsunan Turkanci da Faransanci. Rashid Rida, mai mujallar al-Manar, yana cikin almajiransa. Al-Jisr ya karanta abin da ake bugawa da Larabci na sabbin ilimomi, kuma a 1888 ya fitar da *al-Risala al-Hamidiyya*, wadda ya sa wa sunan Sarki Abdulhamid na Biyu. Littafin ya samu karɓuwa a fada, aka kuma fassara shi zuwa Turkanci da Urdu.

Hanyar da ya bi ita ce ta al-Ghazali. Ya fara da ware abin da ke tushen addini, wato cewa duniya fararriya ce kuma tana da Mahalicci mai nufi da iko da sani. A nan bai sassauta wa 'yan maddiyya ba. Ya nuna cewa da'awarsu ta dawwamar madda ba a gan ta a wani gwaji ba, kuma rashin riskar abu da gaɓoɓin ji da gani ba hujja ba ce ta rashin samuwarsa, tunda su kansu sun yarda da abubuwan da suka sani ta alamominsu kawai. Ya buga misali da mutum biyu da suka shiga wani ƙasaitaccen gida mai kyakkyawan tsari, ɗaya ya ce lalle akwai maginin da ya tsara shi ko da bai gan shi ba, ɗayan ya ce iska da ruwa ne suka tara kayan bisa dace.

Daga nan ya juya ga yadda aka yi halittar. Ya ce ko Allah Ya halicci kowane jinsi daban, ko Ya fitar da wani daga wani sannu a hankali bisa dokokin da Ya sanya, duka biyun suna ƙarƙashin ikonSa, kuma duka suna nuni gare Shi. Dokokin da masu nazariyyar ke ambata, kamar gado da bambance-bambance da gwagwarmayar rayuwa da zaɓin ɗabi'a, in sun tabbata, sabubba ne na al'ada kamar wuta da ƙuna. Ya bi hujjojin da ake da su a zamaninsa ya ce ba su wuce zato ba, don haka Musulmi zai tsaya a kan zahirin nassosi, musamman game da Annabi Adam (AS), inda nassosin suka fi fitowa fili da nuna halitta ta musamman. Amma ya ce da hujja yankakkiya za ta tsayu, to tawili ya halatta domin a daidaita nassi da ita, muddin an riƙe cewa Allah ne Mahalicci.

Darajar wannan matsayi tana cikin yadda ya raba tambaya ɗaya da ta rikita mutane zuwa tambayoyi uku. Akwai tambayar ko jinsuna na sauyawa, wadda ta masu binciken halittu ce. Akwai tambayar abin da nassi ke nufi, wadda ta malaman tafsiri da usul ce. Akwai kuma tambayar ko akwai Mahalicci, wadda amsar ta farkon ba ta taɓa ta ko ta wace fuska. Shumayyil ya dunƙule ta farko da ta uku ya fita daga addini, hukumomin kwalejin Bairut kuma suka dunƙule su suka kori malaminsu.

Kammalawa

Ƙa'idar ba ta kashe kowace ƙura ba. Ta rataya a kan sanin abin da yake yankakke, kuma wannan ba koyaushe yake da sauƙi ba. Bayanin husufi da al-Ghazali ya karɓa yana nan daram har yau, alhali tsarin Baɗlimus da ya sa ƙasa a tsakiyar falaki, wanda masanan zamaninsa suka riƙe da irin wannan amincewa, ya rushe. Masu falsafa sun ɗauki rashin farkon duniya a matsayin abin da burhani ya tabbatar, sai al-Ghazali ya nuna da'awa ce. Kimiyyar gwaji kuma ba ta bayar da irin yaƙinin da handasa ke bayarwa, tana bayar da rinjaye ne mai hawa-hawa, wani ya kai inda musunsa taurin kai ne, wani kuma yana jiran gyara. Hukuncin da al-Jisr ya yi wa hujjojin 1888 ma ya riga ilimin ƙwayoyin gado, wanda ya bunƙasa bayan 1900, saboda haka maimaita hukuncin nasa ba tare da sake duba hujjojin ba ya saɓa wa hanyarsa.

Wannan ya ɗora wa ɗaliban ilimin addini nauyi biyu. Na farko, kada su yi fatawa a kan wata mas'alar kimiyya sai sun san ta daga masu ita, kamar yadda al-Ghazali ya karanci falsafa kusan shekara biyu kafin ya yi mata raddi. Na biyu, kada su rataya ma'anar aya a kan nazariyyar da gobe za ta iya canzawa, abin da al-Shaɗibi (ya rasu 790H / 1388M) ya yi gargaɗi a kan makamancinsa a *al-Muwafaƙat*. Ɗalibin likitanci ko na ilimin halittu da ya zo wa malami da tambaya yana cikin halin da al-Ghazali ya siffanta: ya ga hujja da idonsa, kuma in aka ce masa addini ya ƙaryata ta, ba hujjar zai bari ba. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai nuna masa inda bincike ya tsaya da inda da'awar maddiyya ta fara. Malaman kalam sun yi wannan aiki a kan husufi da wuta da auduga, al-Jisr ya yi shi a kan asalin jinsuna, kuma kowane zamani yana da nasa mas'alolin da ke jiran irinsa. Allah ne Mafi sani.